Neman dawakin da suka ɓace a tsohuwar Mustang 5.0

Shekara huɗu ke nan da na sayi Ford Mustang ƙirar 1990 a hannun wani dattijo da ke zaune a bayan garin Columbus na jihar Ohio, baƙa, mai giyar hannu, daga cikin samfurin da ake kira LX. Injinta shi ne V8 ɗin nan da aka liƙa wa lambar 5.0 a gefen bodi, ko da yake wanda ya bi lissafi zai tarar lita 4.9 ne da 'yar ɗoriya, abin da Amurkawa suka fi sani da 302 a ma'auninsu na inci. Irin waɗannan su ne suke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji, wato a ɗauki babban inji mai silinda takwas a dasa shi a bodin da bai cika nauyi ba, a tura ƙarfin zuwa tayoyin baya, sannan a sayar a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Akwai masu tsaurin ra'ayi da ke cewa Mustang ba ta cikin wannan dangi, nata rukunin daban ne, amma ban taɓa ganin wannan musu ya hana wani jin daɗin tuƙa ta ba.

Zamanin farko na motocin ƙwanji, wanda aka saba ƙirga shi daga fitowar Pontiac GTO a 1964, bai yi tsawon rai ba, domin dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973 sun taru sun karya lagonsa, har ta kai a 1980 injin V8 da ake sa wa Mustang bai wuce ƙarfin doki 120 ba. Kwamfuta da injekta ne suka farfaɗo da harkar. A 1986 aka raba injin 5.0 na Mustang da kafireto gaba ɗaya, aka ba kowace silinda nozul ɗinta, ya fito da doki 200, kuma a 1987, bayan an canza masa kawunan silinda da maƙoshin iska, ya kai 225, adadin da aka ci gaba da rubutawa har 1992. A takarda tawa ma 225 gare ta, amma tun ranar da na hau babban titi da ita na san wasu daga cikin dawakin sun daɗe da tsinke igiya.

Maimakon in bi sawunsu, sai na shiga intanet da katin banki a hannu. Na sayi maƙoshin iska mai faɗin milimita 75 a madadin na asali mai 60, wato bututun nan da ke ɗauke da faifan da totur ke buɗewa, na haɗa da matatar iska mai siffar mazurari wadda ake shafa wa mai, na ɗaura su a yammacin wata Asabar ina ta murna. Ƙugin inji ya ƙaru, wannan ba musu, amma gudu bai ƙaru ba, sulo kuma ya rikice har allura tana hawa tana sauka duk lokacin da na tsaya a danja. Daga baya na gane cewa bakin manifol ɗin da ke bayan maƙoshin, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, yana nan a tsukensa, kawunan silindar asali kuma sun fi shi tsukewa, kuma wanda ya faɗaɗa ƙofar zaure ya bar tagar ɗaki yadda take bai ƙara wa ɗaki iska ba. Matatar ita ma, da yake a buɗe take a ƙarƙashin bonet, iskar da inji ya riga ya gasa take zuƙa, alhali akwatin asali daga cikin fenda yake jawo mai sanyi, kuma iska mai sanyi ta fi ɗaukar oksijin.

A motar kafireto, bakanike da sukudireba da kunnensa ne suke yanke hukuncin yawan fetur. A motar injekta kuwa hukuncin yana hannun kwamfuta, wadda a wannan mota sunanta EEC-IV, kuma ita ba ta ganin inji, abin da na'urorin sansa suka gaya mata kawai ta sani, ko gaskiya ne ko ƙarya. Nan ne ya kamata duk mai irin wannan mota ya fara duba shekarar tasa. Na 1986 zuwa 1988 ba sa auna iskar da ke shiga, ƙiyasta ta suke yi daga matsin da ke cikin manifol da saurin juyawar inji, su duba jadawalin da aka rubuta musu tun a masana'anta, saboda haka da zarar an canza musu kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, lissafin ya ɓaci. Daga 1989, ko 1988 ga motocin da aka sayar a Kalifoniya, aka sa ma'aunin iska mai siririyar waya da ake zafafawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan kwamfuta ta san nauyin abin da ya shiga. Waɗannan sun fi haƙuri da canji, amma wayar ba ta son datti, kuma man da na shafa wa sabuwar matatata a kanta ya je ya kwanta.

Maƙwabcina, wani tsohon bakanike da ya yi ritaya, ya gan ni kwana uku a jere da kai a cikin bonet, sai ya tako ya tambaye ni ko na taɓa tambayar motar abin da ke damunta. Ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa baki biyu na soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin bonet a ɓangaren direba, ya ce in tada inji in zuba wa fitilar gargaɗi ido. Fitilar ta fara ƙiftawa muna ƙirgawa da baki, huɗu sannan ɗaya, tara sannan ɗaya. Lamba 41 da 91 ke nan, ma'ana na'urorin da ke shinshinar hayaƙi a ɓangarorin inji biyu suna kukan iska ta yi wa fetur yawa. Muka bi tiyon iska ɗaya bayan ɗaya da yatsu har muka kai ga wani da ke ɓoye a ƙarƙashin manifol na sama, wanda shekara talatin na zafi suka busar da shi kamar kara, ina taɓa shi ya ɓare gida biyu. Ta wannan tsaga inji ke shan iskar da ma'auni bai ƙirga ba.

Abin da ya biyo baya aiki ne marar ƙyalli wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Na canza dukkan tiyon iska, da sansar hayaƙi guda biyu, da fulogi takwas da wayoyinsu, da hular distiributa da abin da ke juyawa a cikinta, da matatar fetur wadda da na girgiza ta wani jan ruwa mai tsatsa ya zubo. Na wanke wayar ma'aunin iska da feshin da aka yi domin ta, ba tare da na taɓa ta da hannu ba, na wanke bawul ɗin da ke riƙe sulo, na mayar da maƙoshin asali da akwatin asali da matatar takarda, sai dai na zare wata roba mai kama da ƙaho da aka sa a cikin fenda domin rage ƙarar zuƙar iska. Muka sa ma'auni a layin fetur, da aka zare tiyon da ke kan na'urar daidaita matsi allura ta tsaya a fam 39, daidai yadda ake so. Da muka sake haɗa guntuwar wayar nan fitila ta ba mu 11, wato ba ta da ƙorafi. Duk abin da na kashe a wannan zagaye bai kai kuɗin kayan ƙyallin da na cire ba, kuma a nan ne mafi yawan dawakin suka dawo gida.

Da bazara ta kama sai allurar zafi ta fara ɗagawa a cunkoso. Na ambata wa kawuna da ke Kaduna, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Peugeot 504, sai ya ce, "Ɗana, cire tamostat ɗin nan ka jefar, ruwa ya riƙa zagayawa yadda yake so." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan tana da mai lura da ita a ciki, in na cire zai sani." Ya yi dariya ya ce motar da ke da ɗan leƙen asiri ba mota ba ce. Shawararsa ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma a motar injekta illarta ta fi amfaninta. An tsara injin nan ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma muddin sansar zafin ruwa tana cewa da sauran sanyi, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda ake jan cok da asuba, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi su ci kansu kafin lokaci. Laifin na lagireto ne da ya toshe daga ciki, na canza shi, allura ta koma mazauninta.

Sai da inji ya samu lafiya na taɓa taimin, wanda shi ne ƙarin ƙarfi ɗaya da ba a biyan ko sisi a kansa. Daga masana'anta tartsatsin fulogi yana tashi ne digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, an bar shi haka domin ya jure fetur mafi araha. Ana dumama inji, a zare wani ɗan toshe da ake kira SPOUT a kusa da distiributa domin kwamfuta ta cire hannunta, a sassauta noti ɗaya, a haska fitilar taimin a kan fulin kiranshaf, a murɗa distiributa kaɗan-kaɗan har alama ta kai 13 ko 14, a ɗaure, a mayar da toshen. Abu biyu ne ke yaudarar mutum a nan. Fulin yana da roba tsakanin cikinsa da zoben waje, kuma idan ta tsufa zoben yana zamewa da lambobin da ke jikinsa, sai mutum ya karanta 14 alhali abin ya wuce haka, shi ya sa na sayi sabo kafin in yarda da abin da na gani. Na biyu, wannan inji ba shi da sansar da ke jin ƙwanƙwasa ta ja taimin baya da kanta, kunnen direba ne kaɗai mai gadi. Idan aka taka totur a giya ta huɗu a kan tudu aka ji wata ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, to fetur yana fashewa kafin lokaci, sai a rage digiri biyu ko a koma fetur mai lamba 91 zuwa 93 a ma'aunin Amurka. Ni a 13 na tsaya.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da ya canza halin motar, ba a cikin inji yake ba, a aksul ɗin baya yake. Masu giyar hannu sun fito ne da 2.73, ko 3.08 ga wanda ya nema, lambar da ke nufin sau nawa firofela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. An zaɓi ƙaramar lamba ne domin tsimin fetur. Tawa 2.73 ce, kirawun, wato babban giyan da ke cikin aksul, mai haƙora 41 da finiyon, ƙaramin da ke juya shi, mai 15, na mayar da ita 3.73, inda kirawun yake nan a 41 amma finiyon ya koma 11. Inji bai ƙara ko doki ɗaya ba, amma ƙarfin murɗa da ke isa taya a kowace giya ya ƙaru da kusan kashi 37 cikin ɗari, kuma wannan ba alkawarin mai talla ba ne, rabon 3.73 da 2.73 ne kawai. Ranar da na karɓo ta na saki kuloci a bakin titi kamar yadda na saba, sai na ji kujera ta tokare ni a baya, kamar an sauke wa motar buhu biyar daga but.

Kuɗin da ake biya a madadin haka shi ma lissafi ne. Giya ta biyar a giyabos ɗin T-5 tana da 0.68, saboda haka da tayoyin asali, a gudun mil 70 cikin awa, wato kimanin kilomita 113, inji da yake juyawa wajen sau 1,700 a minti yanzu yana yin wajen 2,300, ƙara ta ɗan ƙaru, fetur ma haka. Wanda yawancin tuƙinsa doguwar tafiya ce zai fi jin daɗin 3.55, wadda ke ba da ƙarin kashi 30, masu giyar otomatik kuma sukan haura har 4.10. Wannan ne aiki ɗaya da ban yi da hannuna ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya koya a kan motarsa. Na tsaya ina kallon mai aikin yana shafa wani rawayen fenti a haƙoran kirawun, ya juya, ya duba inda finiyon ya goge, ya kwance, ya canza wani siririn wosha da bai kai kaurin takarda biyu ba, ya sake ɗaurawa, har sau huɗu kafin sawun ya zauna a tsakiyar haƙori. Idan aka yi kuskure a nan aksul zai riƙa kuka har ranar da ya mutu. Bayan haka sai a canza ɗan ƙaramin giyan roba da ke juya mitar gudu, in ba haka ba za ta riƙa ƙara wa mutum gudun da bai yi ba, a kuma zuba sinadarin da faifan Traction-Lok, masu hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, ke buƙata a cikin man aksul domin kada su riƙa gurnani a kwana.

Ƙarin ƙarfi a taya ya tono wani rauni da shekaru suka ɓoye. Wannan mota ba ta da shasi ɗaya daga gaba zuwa baya, ƙarfen gaba daban, na baya daban, falen ƙasan bodi ne ya haɗa su, kuma idan aka ɗaga ta da jak a kusurwa ɗaya ƙofa takan ƙi rufuwa daidai. Maganinsa ƙarafa biyu ne dogaye da ake walda su a ƙasa su haɗa gaba da baya, da sharaɗin a yi waldar nauyin mota yana kan tayoyinta, kada a ɗaure ta a karkace. Kafin mai walda ya kunna wuta sai da ya bi wuraren da hannayen aksul ke kamawa da guduma, domin gishirin da ake watsa wa titunan Ohio lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ciki. Birki kuwa faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma ban yi masa wani abin a zo a gani ba illa sababbin takalma masu kyau, da tiyo masu saƙar ƙarfe, da sabon mai. Na kuma sa hannun giya mai gajeren zango da ke da mataka a gaba da baya, domin hannu mai zafi yana lanƙwasa cokulan da ke cikin T-5.

Salansa ce ta zo daga baya, ko da yake ita mutane suka fi ɗokin farawa da ita. Bututun asali inci biyu da kwata ne, da tukwanen tace hayaƙi har huɗu, manifol ɗin hayaƙi kuma an matse bututunsa a wasu wurare domin safana ta samu shiga. Na sa gajeren manifol mai inci ɗaya da biyar bisa takwas, da bututu mai inci biyu da rabi har baya, da tukwanen tacewa na zamani waɗanda ba sa riƙe numfashi. Fasa tukunyar a zubar da abin da ke ciki, wanda kanikawanmu ke kira indomi, laifi ne a dokar tarayyar Amurka ga motar da ke hawa titi, kuma ko ba doka warin da ke biyo baya ya isa ya hana iyali shiga motar. Ribar wannan aiki ta fi fitowa ne a sama da juyi 4,000, kuma gaskiyar magana rabin abin da na saya sauti ne, ban kuma yi nadama ba.

Akwai tarko ɗaya da na tsallake saboda na riga na ƙone sau ɗaya, shi ne manyan nozul. Na asali, masu ruwan lemo, suna zubar da fam 19 na fetur a awa, kuma takwas ɗinsu suna iya ciyar da doki 250 da 'yan kai ba tare da sun galabaita ba. Wanda ya sa masu fam 24 bai gaya wa kwamfuta ba, ko ta hanyar ma'aunin iska da aka daidaita da su ko ta sake rubuta jadawalinta, zai samu ƙarin fetur kusan kashi ɗaya bisa huɗu a kan iskar da ba ta ƙaru ba, wato baƙin hayaƙi da mota mai kasala. Mustang Cobra ta 1993, samfurin da ya fi ƙarfi, ta zo da nozul masu fam 24, amma ta zo da su ne tare da kwamfutarta, da maƙoshi mai milimita 65, da kawunan silinda na GT40, ta ba da doki 235 a takarda.

Waɗannan kawuna su ne mataki na gaba, kuma ba sai an nemi Cobra ba. Ford Explorer mai injin 5.0, wadda aka yi daga 1996 zuwa 2001, tana ɗauke da manifol ɗan gidan su na Cobra, na 1996 da farkon 1997 suna da kawunan GT40, na bayansu kuma GT40P, waɗanda kusurwar fuloginsu ta bambanta har takan sa wayar fulogi ta gogi manifol ɗin hayaƙi idan ba wanda ya dace da su aka saya ba. A wata makabartar motoci da ke tuna mini Panteka, inda mutum ke shiga da akwatin safanarsa ya kwance abin da yake so ya biya a bakin ƙofa, na yi rabin yini a kan wata Explorer ta 1996 na fito da kawuna biyu da manifol sama da ƙasa. Sifirin ɗin bawul ɗinsu an yi su ne domin kamshaf mai sanyin hali na motar iyali, dole a canza su kafin su hau Mustang, kuma giyabos ɗin T-5 na shekarar tawa an ƙiyasta masa juriya ne daidai da abin da injin asali ke bayarwa, saboda haka sai na tanadi sabon kuloci na kuma koyi sauƙaƙa ƙafa a giya ta uku. Kawunan suna wurin mai injin gogewa yanzu ana duba ko akwai tsaga, manifol ɗin kuma yana kan kanta a gareji a nannaɗe da tsohon bargo, kusa da maƙoshin nan mai milimita 75, wanda ko a kan wannan sabon haɗi ya yi girma, mai 65 zan nema kafin ƙanƙara ta narke.